Masu Idon Gane Mai Fentin Ƙwarai

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma daga 1975 masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta shiga haɗa motocin Peugeot a gida. Waɗanda suka rage a hannun jama'a yau sun sha rana sun sha damina, fenti ya koɗe, tsatsa ta kama gindin ƙofofi da bakin gilashi. Akwai mutanen da suka iya nemo wa irin wannan mota mai fentin da zai dawo mata da martabarta ba tare da aljihu ya yi kuka ba, yawancinsu tsofaffin direbobi da bakanikai. Ina ganin girman wannan sani nasu ƙwarai.

Idan irin wannan mutum ya shiga gareji, yakan wuce motar da aka gama tana ƙyalli, ya nufi wadda aka kankare. Can gaskiya take. Zai duba ko an goge tsohon fentin har ƙarfe ya bayyana a wuraren da suka lalace, ko an yanke inda ya ruɓe an yi waldar sabon ƙarfe, ko kuwa an cusa bodi fila an rufe ɓarna. Wasu da ɗan maganaɗisu suke yawo. Inda ya kama, ƙarfe na kusa. Inda ya saki, fila ta yi kauri, kuma fila mai kauri takan tsage idan mota ta sha gargada da zafin rana. Tsatsar da aka binne ba ta mutuwa, kumburo fentin za ta yi daga ciki.

Sai mutumin ya ce wa mai fenti, "Maigida, nuna min motar da ka fesa bara." Mai aikin kirki da murna zai faɗi inda take. Tambayar na da muhimmanci, domin kowane fenti kyakkyawa ne a makon farko.

Yana kuma lura da wurin fesawa. A lokacin hunturu ƙura na sauka kan ɗanyen fenti ta maƙale, shi ya sa ɗakin fenti rufaffe ya fi, ko aƙalla rumfar da aka killace aka yayyafa wa ƙasanta ruwa. Ruwan da ke taruwa a tankin kwamfiresa ma, idan ba a zubar ba, yakan biyo iska ya ɓata aikin.

Wajen kuɗi ne gwanintar ta fi burge ni. Yawancin wahalar aikin tana cikin shiri: kankara, gugar samfefa, firama, sake guga. Don haka gwani ba ya matsa wa mai fenti a nan, wani wurin yake rage tsada. Da hannunsa yake cire fitilu da bamba da robobin ƙofa. Yakan bar motar da launinta na asali, saboda sauya launi na nufin sai an fesa cikin but da ƙarƙashin bonet da bakin ƙofofi. Robobi da ƙananan kayan da suka lalace kuwa, yakan nemo su da kansa a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

Biya kashi-kashi yake yi, a gaban shaida: na kayan aiki da farko, wani bayan ya zo ya ga jikin da firama ya shafa da tafin hannu, cikon kuma sai an fito da motar tsakar rana ya tsuguna ya bi gefenta da ido daga fitilar gaba zuwa ta baya.