Idon Ɗan Sanda da Bakin Gari: Nazari a kan Fim ɗin Memories of Murder

Ina yaro, a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, yara uku suka mutu a unguwarmu cikin damina ɗaya. Kafin a yi sadakar bakwai ta na ukun, gari ya riga ya yanke hukunci: wata tsohuwa marar ɗa marar jika ce ta kama kurwarsu. Da na huɗu ya kwanta, aka jawo ta aka ce ta tsallake shi. Babu wanda ya leƙa rijiyar da gidajen suke ɗiban ruwa. Wannan tsohuwa ce ta faɗo mini a rai ranar da na kalli Memories of Murder, fim ɗin da Bong Joon-ho na Koriya ta Kudu ya fitar a 2003, kuma saboda ita nake ganin ya cancanci ɗalibin adabin Hausa ya yi masa kallon nazari.

An gina fim ɗin a kan kashe-kashen mata da aka yi a karkarar Hwaseong daga 1986 zuwa 1991. Tauraronsa Park, ɗan sandan ƙauye ne mai taƙama da cewa da zarar ya kalli ƙwayar idon mutum zai gane mai laifi. Sai aka turo Seo daga birnin Seoul, wanda ya dogara da takardu da hujja. Mai kallo zai zaci jigon shi ne karo tsakanin jahilcin ƙauye da ilimin birni, inda a ƙarshe birni zai yi rinjaye. Bong ya ƙi bin wannan hanya mai sauƙi. Park ya je wurin bokanya ya karɓo laya, ba ta nuna masa kowa ba. Seo ya aika samfurin ƙwayoyin halitta Amurka, sakamakon ya dawo bai tabbatar da wanda yake zargi ba, har ya zaro bindiga zai harbe mutumin da ba shi da hujja a kansa. Ɗan birni ya koma abin da ya raina.

A ganina, gwanintar fim ɗin tana cikin yadda ya raba maganar gari gida biyu. Akwai maganar da take neman wanda za a ɗora wa laifi. Ita ce ta kai 'yan sanda ga Kwang-ho, yaro mai raunin hankali, don kawai an ce yakan bi wata daga cikin matan da aka kashe. Suka doke shi, suka koya masa abin da zai faɗa. Daga baya ta bayyana cewa shaida ne, ya ga kisan da idonsa, amma kafin su amfana da abin da ya sani jirgin ƙasa ya take shi. An bar jaki ana dukan taiki, kuma taikin ne yake ɗauke da gaskiya. Akwai kuma maganar da take ɓoye wani abu da ya faru. 'Yan mata 'yan makaranta suna tsorata junansu da labarin wani mutum da ke laɓewa a ban ɗaki. Seo bai yi watsi da wannan tatsuniya ba, ya bi sawunta, ta kai shi ga wata mata da ta tsira daga hannun makashin, wadda ta tuna cewa hannuwansa masu laushi ne. Darasin a fili yake: almarar gari mafari ce ta bincike, ranar da aka mai da ita hukunci kuwa marar gata ne yake biya.

Mun ga irin wannan a kusa da mu. A 2020 aka kama wani mutum a Kwanar Dangora ta jihar Kano bisa zargin yi wa mata kimanin 40 fyaɗe. Kafin a kama shi, gari ya raɗa masa suna Mai Siket, sunan da ya mai da shi kamar dodon tatsuniya. Da asirinsa ya tonu sai ga mutum kamar kowa. Haka fim ɗin ya rufe: bayan shekaru Park ya koma magudanar da aka tsinci gawar farko, wata yarinya ta gaya masa cewa wani ya zo wurin kwanan baya, kuma fuskarsa irin ta kowa ce. Sai Park ya juyo ya zuba wa mai kallo ido. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa.

Tarihi ya gaskata Bong. A 2019 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna Lee Choon-jae, wanda tun 1994 yake kurkuku kan kashe ƙanwar matarsa, ya kuma amsa kisan mutum 14. Wani bawan Allah, Yoon Sung-yeo, ya riga ya yi shekara 20 a ɗaure kan ɗaya daga cikin kashe-kashen, sai a Disamban 2020 kotu ta wanke shi.

Fim ɗin bai rasa aibu ba. Matan da aka kashe kusan ba mu san su ba sai a gawa, ba mu ji muryarsu ba, ba mu shiga gidajen iyayensu ba. Haka nan barkwancin da aka cusa cikin dukan waɗanda ake tuhuma yakan sa mai kallo dariya a inda ya kamata gabansa ya faɗi, ko da yake ana iya cewa da gangan aka yi don dariyar ta dawo ta ba shi kunya.

Abin da nake yi wa marubutanmu kwaɗayi shi ne wannan zubi. Sau da yawa idan boka ko maye ya shigo labarin Hausa, shi ne amsar tambaya: an yi asiri, malam ya karya, labari ya ƙare. Ina jiran littafin da zai ajiye ƙaramin ɗan sanda a Babura ko Kazaure, ba mota ba kayan aiki, mai unguwa yana matsa masa, gari ya riga ya nuna wata tsohuwa, shi ma a ransa bai gama kore maita ba tunda da labarinta aka rene shi. Ya zauna ya saurari duk abin da ake faɗa a bakin kasuwa da gindin bishiya, sannan ya tashi ya je ya leƙa rijiya. Tsohuwar unguwarmu ta bar garin kafin kaka, kuma har yau ban ji wanda ya san inda ta ƙare ba.