Kirari ga Mayaƙin Sama: Inda Matasan Mawaƙanmu Suke Tuntuɓe

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gumel, ko a Sule Tankarkar yake, ko Gagarawa, ko Maigatari, ba sai an koya masa yadda ake wasa jarumi ba. Ya ji maroƙa a ƙofar fada ranar hawan salla, ya ga yadda kirari ɗaya kan sa mahayi ya miƙe a kan sirdi. Wannan gado ne mai kyau, kuma shi ne jarin da matasan marubutanmu na wannan yanki suke ɗauka idan sun zauna rubuta waƙar soja. Matsalar takan taso ne idan jarumin da za a yaba matuƙin jirgin yaƙi ne. A nan sai ka ga alƙalami ya rasa inda zai dafa, mawaƙi ya koma yana jero zaki da giwa da shaho da gaggafa har baiti ashirin, amma mai sauraro bai san abin da mutumin ya yi ba.

Ya kamata mu fara tuna cewa kirarin gargajiya ba tarin sunayen namun daji ba ne. Maroƙin ƙwarai yakan ambaci garin da aka ci, da wanda aka kora, da ranar da aka yi artabu, domin yana da shaidu. Mayaƙin doki a gaban jama'a yake yin bajinta, ya dawo da tabon mashi a jikinsa, kowa ya gani. Ko da rubutacciyar waƙa ta karɓi wannan jigo, ba ta rabu da ƙasa ba. Sojojin da Malam Sa'adu Zungur ya yi wa "Maraba da Soja" bayan Yaƙin Duniya na Biyu 'yan ƙasa ne da suka taka dazukan Bama da ƙafarsu. Haka nan Alhaji Aƙilu Aliyu, da ya rubuta waƙarsa ta soja a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, yana magana ne da jama'ar da 'ya'yanta suka tafi bakin daga, suna aiko da wasiƙu. Shi kuwa mayaƙin sama, yaron Sule Tankarkar ɗigo kawai yake gani a sararin samaniya, sai ƙara ta biyo baya. Saboda haka marubuci ba shi da abin da ido ya ba shi; dole ya nemo labarin.

Labarin kuwa yana nan, kuma a ƙasar Hausa ya faru. Ranar 18 ga Yuli, 2021, Flight Laftanar Abayomi Dairo yana dawowa daga kai farmaki a dazukan da ke tsakanin Zamfara da Kaduna cikin jirgi samfurin Alpha Jet, sai 'yan bindiga suka buɗe masa wuta, jirgin ya faɗi a Zamfara. Ya yi tsalle da lema ya sauka cikin dajin mutanen da ya gama yi wa ruwan wuta, su kuma suka bazama nemansa. Bisa bayanin da rundunar sojan sama ta fitar, ya yi ta ɓuya har duhu ya shiga, sannan ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya, har ya isa wani sansanin sojan ƙasa. To, mai karatu ya duba ya gani: ina shaho a nan? Jaruntakar mutumin ta fi bayyana ne bayan an raba shi da fukafukai, yana tafiya a ƙasa shi kaɗai, yana sauraren kowane motsi. Mawaƙin da ya ɓata baitocinsa wajen kamanta shi da tsuntsu ya bar wurin da waƙar take. Daren nan kaɗai ya isa jigo, da ƙishirwa, da haushin karnukan ƙauye, da tunanin ko hasken waya zai tona asiri.

A nan ne nake ganin marubuci zai ƙaru da tsarin soja. Idan za a ba soja lambar yabo, akan karanta takarda gajera mai faɗin sunansa da muƙaminsa da ranar da wurin da kuma abin da ya aikata. Babu azanci a cikinta, babu karin sauti, amma ba za ka iya cire sunan ka sa na wani ba. Yawancin waƙoƙin yabon da muke rubutawa kuwa, kana iya cire sunan matuƙin jirgi ka sa na ɗan dambe ko shugaban ƙaramar hukuma, amsa-amo bai karye ba, ma'ana ba ta motsa ba.

Misalin Tolulope Arotile ya ƙara fito da wannan rauni. Ita ce mace ta farko da ta zama matuƙiyar helikwaftan yaƙi a Nijeriya. An liƙa mata fukafukan matuƙa a watan Oktoba na 2019, ta yi aiki a farmakin da aka kai wa 'yan bindiga a Jihar Neja, sannan ta rasu ranar 14 ga Yuli, 2020, tana da shekara 24, sakamakon mota da ta buge ta a sansanin sojan sama na Kaduna. Aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Abuja da cikakkiyar girmamawar soja. Kalmomin jarumta da muka gada kusan duk na maza ne: namiji, ingarma, bajimi, toron giwa. Wanda ya kira ta "namijin duniya" yana zaton ya yabe ta, alhali ya goge abin da ya sa labarinta ya zama labari. Wanda kuma ya sauya mata mutuwa, ya ce a fagen fama ta faɗi don waƙa ta yi armashi, ya yi mata ƙarya a kan kabarinta.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi, wanda marubutanmu suke kauce masa. Jirgin yaƙi yana da ƙarƙashi, kuma akwai mutane a wurin. Ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojan saman Nijeriya ya jefa bama-bamai bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno, mutane da yawa suka mutu, har da ma'aikatan agaji. Ba ina cewa kowace waƙar yabo ta zama ta zargi ba, kuma laifin wani ba ya shafe bajintar wani. Amma mawaƙin da ya siffanta ƙasa daga sama tamkar faifan da aka share, babu kowa a kai sai abokan gaba, ya zaɓi ya zauna a kujerar matuƙi ne, kujerar da bai taɓa gani ba. Mu da muke rubutu daga Sule Tankarkar da Gagarawa mutanen ƙasa ne. Mun san yadda garke yake watsewa idan ƙara ta wuce, mun san yadda uwa take janyo yaro cikin ɗaki. Baiti biyu daga wannan ɓangare za su sa mai sauraro ya gane nauyin abin da ke hannun matuƙin, ya kuma yarda da sauran baitoci talatin da aka yi na yabonsa.