Wa Ya Sani Ya Yi Shiru? Nazarin Fina-finan Makaranta a Idon 'Yan Kallon Ikara, Maƙarfi da Kudan

Duk wanda ya tsaya a shagon cajin waya a Maƙarfi bayan la'asar, lokacin da ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris ke tasowa daga aji, zai ga cinikin da iyayenmu ba su san shi ba. Wayoyi ne jere a kan katako, kowace da 'yar takardar lamba manne a bayanta, ga yaro zaune gaban kwamfuta yana turin fina-finai. Wannan ya ce a sa masa sabon zangon Labarina, waccan ta ce fassarar Indiya take so. A cikin kayan da ake nema akwai wani nau'in fim mai dogon zango da har yau ba mu raɗa masa suna ba: labarin ɗalibai a babbar makaranta, inda ɗan talaka ke faɗawa cikin 'ya'yan masu hannu da shuni, ƙwaya ta shiga tsakani, daga ƙarshe a wayi gari da gawa ko a nemi wani a rasa.

Irin wannan fim kamar murhu yake. Duwatsunsa uku: abota, bambancin arziki, da shaye-shaye. Tukunyar da aka ɗora a kai ita ce asirin da ke hana ɗan kallo barci har sai ya ga kashi na gaba. Abin da nake son dubawa shi ne yadda mutanen Ikara, Maƙarfi da Kudan suke karɓar wannan girki, da abin da ra'ayinsu ke nuna mana game da salon kansa.

Daga ina salon ya fito?

Wanda ya fi yaɗa shi a duniya shi ne Élite, na ƙasar Sifaniya, da Netflix ta fara nunawa a 2018. Yara uku 'ya'yan talakawa aka kai makarantar attajirai bayan tasu ta rushe, cikinsu har da yarinya Musulma mai lulluɓi, sai aka kashe wata ɗaliba. Indiyawa suka sake ɗinka labarin a birnin Delhi a 2023 da sunan Class. Mu ma a Najeriya an yi Far From Home a Disambar 2022, labarin Ishaya Bello, ɗan talaka mai baiwar zane, wanda ya shiga makarantar masu kuɗi a Legas ta bayan gida, ya ƙare yana sayar wa 'yan ajinsu ƙwaya. Kaɗan ne a yankinmu ke biyan kuɗin Netflix. Ta shagon turi da wayar aboki waɗannan labarai suke iso mana.

Sai dai kuskure ne a ɗauka baƙo ne tsantsa. Jigon ya daɗe a gidan Bahaushe, kuma Maƙarfi na da rabo babba a tarihinsa. Malam Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da littafin Zamanin Nan Namu a 1959, ya biyo da Jatau Na Kyallu a 1960. Na farkon kuka ne a kan yadda zamani ke sassauta tarbiyya, na biyun kuma labarin attajirin da ya toshe kunne ga shawarar masoyansa, ya auri macen da ta wawashe dukiyarsa. A 1979 Umaru Ɗanjuma Katsina ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, inda mai kuɗi ya yaudari 'yar makaranta. A zamanin Kannywood an yi Mansoor na Ali Nuhu a 2017, mai ɗauke da makarantar 'ya'yan gata da yaron da ke neman sanin mahaifinsa. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 kuwa ya daɗe yana nuna matasan da shaye-shaye ya ɗauke. Ashe duwatsun murhun duk muna da su, a warwatse ne kawai. Haɗa su wuri guda a cikin harabar makaranta, a ɗora gawa a kai, shi ne baƙon abu.

Bakin 'yan kallo

Na saurari muhawarar irin waɗannan fina-finai a teburin mai shayi, a motar Zariya zuwa Ikara, da cikin gidajen 'yan uwa a Hunƙuyi. Ra'ayoyin sun kasu huɗu.

Iyaye tsoro ne ya fi yawa a bakinsu. Manomin da ya sayar da rake ko buhunan masara ya biya wa 'yarsa kuɗin rajistar jami'a a Samaru ko Kongo, in ya leƙa wayar ƙanenta ya ga ɗalibai suna rawa da kwalabe, abin da ke zuwa ransa shi ne ko haka jami'ar take. Na san gidan da aka yi ta ja-in-ja a kan barin yarinya ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, hujjar baffanta kuwa ba ta wuce abin da ya gani a fim ba. Wannan illa ce ta gaske a yankin da karatun 'ya mace bai gama tsayawa da ƙafafunsa ba.

Ɗalibai su kuma cewa suke wannan ba makarantarsu ba ce. Inda suke karatu babu tafkin ninƙaya, babu yaro mai mota tasa ta kansa sai ɗai-ɗai. Akwai layin famfo da asuba, akwai risho da tukunyar wake, akwai garin kwaki da ƙuli idan wata ya yi nisa. Amma da za ka ja su da hira, sai su amsa cewa abu ɗaya gaskiya ne: kunyar rashi. Yaron da ya zo daga Paki ko Gubuci da takalmi ƙafa ɗaya da waya mai fasasshen gilashi ya san zafin zama kusa da wanda ake aiko wa kuɗi duk mako. Wannan miki fim ɗin yake sosawa, shi ya sa suke kallo ko da suna musun sauran.

'Yan mata abota suka fi bi da ido. Su ne za ka ji suna tantance wace ƙawa ce ta ci amana, wace ce ta ja 'yar uwarta zuwa biki ta bar ta a hannun mugu. Hukuncinsu a kan ƙawar banza ya fi na alƙali tsanani, don sun san yadda aron mayafi da aron jaka ke zama igiya a wuya.

Kashi na huɗu su ne samarin da ba su je babbar makaranta ba: 'yan acaɓa, masu saran rake, masu lodin kwandunan tumatir. Su kallon sha'awa suke yi wa sutura da motoci, amma wurin ƙwaya sun fi kowa gane ƙaryar fim. Sun san ba haka ake farawa ba.

Abu guda ya haɗa kashi huɗun nan. Bahaushen ɗan kallo ba ya rabuwa da tambayar darasi. Yana iya bin fim zango biyar don jin daɗi, amma ranar da aka kammala sai ya tambaya: to, me aka koyar? Mugu ya ga sakayya? Fim ɗin da ya bar dillalin ƙwaya yana yawo, a wurinsa bai ƙare ba.

Inda salon ya kauce wa gaskiyarmu

A fina-finan waje ƙwaya kayan nishaɗin ɗan gata ce. Yana da komai, iyayensa ba su da lokacinsa, sai ya nemi abin da zai cike masa gurbi. Akwai irin wannan a Kaduna da Kano da Abuja. Amma a ƙasar rake da tumatir, ta ƙofar wahala ƙwaya ta fi shigowa. Saurayi zai yini yana sara da ɗaurin rake, ko ya kwana yana ban ruwa a fadama cikin sanyin hunturu, sai abokin aiki ya miƙo masa tiramol ya ce ƙarfi take ƙarawa. Ranar farko ya yi aikin mutum biyu, ya karɓi kuɗin mutum biyu. Bayan wata shida ba ya iya ɗaga gatari sai da ita, kuma rabin kuɗin ƙwadagon a kemis yake ƙarewa. Ɗalibi kuma ta ƙofar jarrabawa take zuwar masa: abin hana barci don a kwana karatu, sannan abin sa barci don a huta. Matar aure ta ƙofar baƙin ciki, da kwalbar maganin tari a ƙarƙashin katifa.

Alƙaluma sun goyi bayan samarin lodi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramol suke sha, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Yankin Arewa maso Yamma kaɗai yana da kimanin miliyan 3. Waɗannan ba kayan gidan rawa ba ne, kayan kemis ne da na ɗan tebur a kasuwar ƙauye. Mun kuma ga ƙarfin hoto idan ya faɗi gaskiya: a ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta nuna bincikenta a kan kodin, kashegari gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Saboda haka mai shirya fim da ya kwafo ɗan gata da ƙwayarsa ya dasa a Zariya, ya ba mu labarin wasu ne da harshenmu. Uwa a Likoro za ta kalla ta yi hamdala cewa ɗanta ba ɗan masu kuɗi ba ne, alhali ƙwayar na cikin aljihun wandon da take wanke masa.

Asirin da ya kamata a tona

Nan ne zuciyar maganata. Salon waje a kan tambaya ɗaya yake tafiya: wa ya yi kisan? A garuruwanmu wannan tambaya ba ta da nauyi sosai, don kowa ya san kowa. An san shagon da ake sayarwa, an san kangon da ake taruwa, an san ɗan wane ne ya fara rama idonsa ya yi ja. Tambayar da ta dace da mu ita ce: wa ya sani ya yi shiru?

Bahaushe ya ɗauki rufin asiri da girma, har addu'a yake yi Allah ya rufa asiri. Aboki na gari shi ne wanda ba ya fallasa ka. To ina matsayin abokin ɗaki da ya ga ɗan uwansa ya fara haɗiyar ƙwaya? In ya gaya wa mahaifinsa, ya zama munafuki a idon abokai, wataƙila ma a cire yaron daga makaranta. In ya yi shiru, yana kallo rami na ƙara zurfi. Uwa na ɓoye wa uba don gudun duka da kora. Uba na ɓoye wa unguwa don kada a ƙi auren 'ya'yansa mata. Malami na kawar da kai don mahaifin yaron babban mutum ne. Ga bambancin arziki a inda ya fi ciwo: ɗan mai hali a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna a asirce, a ce ya yi tafiya, ɗan talaka kuwa sai ɗauri a ɗaki ko hannun hukuma.

Wannan rikici na amana ya fi kowace gawa riƙe ɗan kallo, domin kowa ya taɓa tsayawa a wannan mararraba. Karin maganar da muke yawan jawowa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, rabin gaskiya ta faɗa. Ta gargaɗe mu a kan mugun aboki, ba ta gaya mana abin da abokin kirki zai yi ba idan kan ɗan uwansa ya riga ya yi fari. Wannan gurbi aikin marubuci ne.

Tsakanin tacewa da tonawa

Masu shirya fim za su ce hannunsu a ɗaure yake. A farkon 2022 tallan wani fim mai suna Makaranta ya tayar da ƙura, har Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta ce tana neman daraktansa. A Mayun 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, a kan rashin kai su tacewa kafin saki. Damuwar iyaye da hukuma tana da tushe, domin fim na iya ƙawata ɓarna da sunan yaƙi da ita, ya nuna mashayi a matsayin gwarzon da yara za su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa. Amma labarin shirun aboki ba ya bukatar tsiraici ko koyar da yadda ake haɗa kayan maye. Yana bukatar ɗakin ɗalibai mai katifa biyu, waya tana ƙara daga gida, da yaron da ya rasa abin da zai ce wa mahaifin abokinsa.

Kammalawa

Ra'ayin 'yan kallon Ikara, Maƙarfi da Kudan ya nuna suna son wannan salo, amma ba su ga fuskarsu a ciki ba tukuna. Shu'aibu Maƙarfi bai je wata ƙasa aron Jatau ba, a cikin al'ummarsa ya tsince shi, shi ya sa har yau ake karanta shi a makarantu. Kirana ga marubutanmu, musamman matasan Zazzau, shi ne su zauna da ɗalibai da masu saran rake su saurara kafin su ɗauki alƙalami. Iyaye kuma kada fim ya sa mu hana 'ya'ya karatu, gara mu zauna mu kalla tare, mu tambaye su abin da suka gani a makarantarsu. Kai kuma ɗalibi, idan abokinka ya fara, sanar da wanda zai iya taimakonsa tun icce yana ɗanye. Wannan ba cin amana ba ne, ita ce amanar.