Kaɗa Igiya Ba Tare da Tsalle Ba: Hutu Ne ko Gwaninta?

Duk wanda ya taɓa kallon ɗan damben zamani yana atisaye da igiya zai lura cewa ba kowane zagaye ne take bi ta ƙarƙashin ƙafarsa ba. Yakan haɗa hannuwansa wuri guda, ya kaɗa ta ta gefen dama, ya dawo da ita ta hagu, tana zana lamba 8 a gabansa, sannan ya buɗe hannu ya faɗa ciki ya ci gaba da tsalle. Floyd Mayweather na Amurka ya yi suna da wannan salo.

'Yan kallo da yawa sukan ɗauka dabarar satar hutu ce kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin mai tsalle yakan samu ya numfasa ba tare da sautin igiyar ya yanke ba. Amma babban amfanin yana ga hannu. Sabon shiga in ya harɗe sai ya ɗora wa ƙafarsa laifi, alhali kuwa da kafaɗa yake juya igiyar maimakon wuyan hannu. Kaɗawa a gefe takan cire masa fargabar faɗuwa, ta bar shi ya ji nauyin igiya, kunnensa ya saba da lokacin da take dukan ƙasa.

Bayan kaɗawa akwai naɗewa, inda ake barin igiya ta kanannaɗe damtse ko ƙafa, a tsayar da ita, a warware ta da juyin baya. Akwai kuma saki, wato a saki mariƙi ɗaya ya wulwula a iska, a cafe shi daidai lokacin da ya dawo. A gasannin tsallen igiya na duniya alƙalai suna ba da maki kan waɗannan biyun. Haka ma a wasan motsa jiki na mata mai tafiya da kiɗa, wanda ya shiga gasar Olamfik a 1984, igiya tana cikin kayan wasa biyar, kuma tasu ba ta da mariƙi, sai ƙulli a bakinta.

Wani Ba'amurke, David Weck, ya zarce haka: ya cire tsallen gaba ɗaya, ya mayar da wulwula igiya mai ɗan nauyi atisaye mai zaman kansa. Wannan ya buɗe ƙofa ga dattawa da masu ciwon gwiwa, yana kuma sassauta kafaɗa da ƙugu. Sai dai bai kamata a zuzuta shi fiye da kima ba. Dirar ƙafa a ƙasa ita ce ke ƙarfafa ƙashi, tsallen kuma shi ke sa zuciya aiki sosai.

Saboda haka mai koyar da yara ya fara musu da kaɗawa kafin tsalle. Mai lafiyar gwiwa kuwa, kada ya fake da ita ya guje wa gumi.