Wa Ya Kamata Ya Yi Alƙalancin Littafin Matasa? Tsokaci daga Birnin Kano

Duk wanda ya bi tarihin ƙagaggun labaran Hausa na boko zai tarar gasa ce ta haife su, ita ce kuma ta raine su. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar da ta samar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gasar kamfanin NNPC ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. A 1982 kuma aka buga Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa daga gasar Sashen Al'adu na Tarayya.

Abin lura shi ne, akasarin waɗannan littattafai makarantu aka nufa da su, amma malamai da jami'ai ne suka zaɓe su. Ɗalibi bai sa baki ba, sai dai a miƙo masa ya karanta don jarrabawa.

Wannan bai hana matasa yin nasu zaɓen ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, da adabin kasuwar Kano ya kunno kai, kuɗin tara na ɗalibai da aron littafi daga hannu zuwa hannu suka zama ƙuri'a. Ta haka Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka ratsa unguwannin cikin ganuwa. Jigonsu, wato auren dole da bambancin mai kuɗi da talaka, shi ne abin da ke ci wa masu karatun tuwo a ƙwarya. Sai dai ƙuri'ar kasuwa ba ta bayyana dalilinta, ba ta kuma rarrabe tsaki da tsakuwa. Martanin hukuma ma bai rarrabe ba: a 2007 shirin A Daidaita Sahu ya ƙone littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a Kano.

Akwai hanya ta uku. A Faransa, tun 1988, ɗaliban sakandare ke ba da kyautar Goncourt tasu ta kansu. Manya ne ke tace jerin littattafan, ɗalibai su karanta, su yi muhawara a aji, sannan wakilansu su yanke hukunci. Fa'idar tsarin ba ta tsaya ga wanda ya ci ba, domin tilas ɗalibi ya kawo hujja a kan salo da zubi da taurarin labari. Wannan kuwa shi ne matakin farko na nazarin adabi.

Ana iya cewa yaro zai fifita labari mai daɗi a kan mai nagarta. Haka ne, shi ya sa tacewar farko take hannun malamai. Amma makarantu irin su Kwalejin Rumfa, da malaman Jami'ar Bayero, da marubutan da ke zaune a gari, duk suna kusa da juna, saboda haka gwajin ba zai gagara ba. Ɗalibin da aka saba tambayarsa dalilin zaɓensa ba ya buƙatar a ƙone masa littafi kafin ya gane na banza.