BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN BUƘATAR MASU KALLO TA SABUNTA TSOFAFFIN FINAFINAN HAUSA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin samuwar finafinan bidiyo na Hausa, tun daga fitowar Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a shekarar 1990. A wannan babi kuwa za a yi sharhi ne a kan wata buƙata da masu kallo suke yawan gabatarwa, wato a sake shirya tsofaffin finafinan da suka yi tashe a da, da sababbin 'yan wasa da kayan aiki na zamani. Za a dubi al'amarin ta fuskar masu kallo na yankin Falgore, wato ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin Jihar Kano. Haka kuma za a kwatanta shi da irin wannan buƙata da ta taso a fagen wasannin kwamfuta, domin a can ne aka fi gwada sabuntawa, aka kuma fi ganin amfaninta da illarta.

4.1 Yanayin Kallo a Yankin Falgore

Garuruwan wannan yanki mafi yawansu na manoma ne da 'yan kasuwa, kuma hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta nufi Jos ita ce ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore. A lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa, wato daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000, ba kowane gida ne yake da akwatin talabijin da bidiyo ba, ga kuma ƙarancin wutar lantarki. Saboda haka kallo ya kasance abu ne na taro. Samari sukan taru a gidan kallo inda ake tayar da janareta a biya kuɗin shiga, mata da yara kuwa sukan cika tsakar gidan wanda Allah ya hore wa bidiyo, a yi hayar kaset a kalla tare.

A yau lamarin ya sauya. Kaset ya ba faifan sidi wuri, shi ma faifan ya kau, sai ga shagunan da ake tura wa mutum fim a wayarsa. Gidajen kallo da dama sun koma nuna ƙwallon ƙafar Turai, wasu kuma an mayar da su gidajen gem, inda yara suke buga wasan ƙwallo a na'urar PlayStation. Wannan sauyi yana da muhimmanci ga fahimtar buƙatar da ake magana a kanta, domin mutanen da suke neman a sabunta Sangaya ko Wasila yawancinsu waɗanda suka kalle su ne a cikin taro suna yara, yanzu kuwa sun zama magidanta da matan aure, kowa yana kallo shi kaɗai a wayarsa.

4.2 Abin Da Ake Nufi Da Sabuntawa

Idan aka lura da kyau, za a ga cewa abubuwa uku ne mabambanta masu kallo suke haɗawa a cikin kalma guda. Na farko shi ne gyara, wato a ɗauko ainihin tsohon fim a wanke hotonsa da muryarsa, ba tare da an taɓa labarin ko 'yan wasan ba. Na biyu shi ne sabuntawa, wato a sake ɗaukar labarin tun daga farko da wasu taurari. Na uku shi ne ci gaba, inda ake ɗora sabon labari a kan tsohon. Dukkan ukun an gwada su a finafinan Hausa.

Misalin gyara shi ne fim ɗin Shaihu Umar wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a shekarar 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya a shekarar 2016, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin a shekarar 2018. Misalin sabuntawa kuwa shi ne Mujadala, wanda ya fito a farkon shekarun 2000, sannan Ali Nuhu ya ba da umarnin sabonsa a shekarar 2018 da matasan 'yan wasa irin su Umar M. Shareef. Ci gaba kuma ya daɗe da zama ruwan dare, domin tun zamanin kaset ake fitar da fim kashi na ɗaya da na biyu har zuwa na uku. Wannan sharhi ya fi karkata ne ga nau'i na biyu, domin shi ne masu kallo suka fi nema.

4.3 Darasi Daga Wasannin Kwamfuta

A ƙasashen Japan da Amurka, masu buga wasannin kwamfuta sun daɗe suna matsa wa kamfanoni lamba a kan a sabunta masu wasannin ƙuruciyarsu. Fitaccen misali shi ne Final Fantasy VII wanda ya fito a shekarar 1997. A shekarar 2005 kamfanin ya nuna ɗan guntun farkon wasan da sabon hoto don gwada ƙarfin na'urar PlayStation 3, kuma tun daga nan masoya wasan ba su sake yin shiru ba. Sai a shekarar 2015 aka sanar da cewa za a sabunta shi, kashi na farko ya fito a shekarar 2020, na biyu kuma a 2024. Da ya fito an yaba da kyan aikinsa, amma saboda marubutan sun sauya wasu sassa na labarin, sai masoyan suka rabu biyu: wasu suka ce an ƙara masa armashi, wasu suka ce ba abin da suka roƙa ke nan ba.

Misali na biyu shi ne na wasannin Grand Theft Auto guda uku, ciki har da San Andreas na shekarar 2004. A shekarar 2021 kamfanin Rockstar ya fitar da su da sabon hoto, ya kuma janye na asali daga kasuwar intanet. Sababbin suka zo da kurakurai masu yawa, jama'a suka yi ca, har kamfanin ya nemi afuwa ya kuma mayar da na asalin ga masu kwamfuta. Akwai kuma wanda ya fi kusa da Bahaushe, wato wasan maciji na wayar Nokia 3310, wadda ta cika hannun mutane bayan shigowar wayar salula Nijeriya a shekarar 2001. An sake ƙera wayar a shekarar 2017 da macijin mai launi, amma hakan bai mayar da mutane ga barin manyan wayoyinsu ba.

Abubuwa biyu ne za a iya tsinta daga waɗannan misalai. Na ɗaya, mai neman sabuntawa yana son abu ya sabunta kuma yana son ya zauna yadda ya san shi, wanda hakan tamkar neman jini ne a jikin fara. Na biyu, sabuntawa takan zama barazana ga na asali idan ba a tanadi hanyar adana shi ba.

4.4 Sharhi

Da farko dai ya kamata a yi wa masu wannan buƙata adalci. Maimaita labari ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kowace kaka tana ba da ita da irin nata salo, ba a kuma taɓa cewa ta yi sata ba. Abubakar Imam ma ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya sa masu rigar Hausa a cikin Magana Jari Ce. Bugu da ƙari, tsofaffin finafinan suna da rauni na zahiri: an ɗauke su da ƙananan kyamarori, hoto yana rawa, murya tana shaƙewa, wani lokaci ma iska takan danne maganar ɗan wasa. Yaron da ya taso da kallon shirye-shiryen tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a shekarar 2014, da wuya ya jure wa irin wannan hoto. Don haka sabuntawa tana iya zama gadar da za ta kai labarin ga waɗanda ba a haifa ba lokacin da ya fito.

Sai dai akwai matsaloli guda huɗu da masu buƙatar ba su cika dubawa ba.

Matsala ta farko ita ce ta taurari. Ƙarfin fim ɗin Hausa na wancan zamani ya rataya ne a kan ɗan wasa fiye da labari. A Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a shekarar 1999, labarin gajere ne: ɗan sarki ya kamu da son hadimar gidansu. Abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne yadda Ali Nuhu da Fati Muhammad da Hauwa Ali Dodo suka taka rawarsu, da kuma waƙoƙin da aka raka da kiɗan fiyano. Hauwa Ali Dodo ta rasu a shekarar 2010, Ahmad S. Nuhu a 2007, Rabilu Musa Ibro kuma a 2014. Duk wanda aka ɗora a gurbin irin waɗannan, mai kallo zai riƙa auna shi ne da mamaci, kuma da wuya mai rai ya ci wannan gasa.

Matsala ta biyu ita ce ta zamani. Yawancin tsofaffin labaran soyayya an gina su ne a kan nisa da rashin jin labari: wasiƙa ta ɓace, ɗan aike ya yi ƙarya, saurayi ya tafi birni aka ɗaura wa budurwarsa aure bai sani ba. Idan aka mayar da labarin zamanin da kowa yake da waya, zaren ya tsinke. Idan kuma aka bar shi a zamaninsa, sai an kashe kuɗi wajen nemo sutura da motoci da gidaje irin na lokacin, abin da ƙaramin furodusa ba zai iya ba. Haka nan an kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a shekarar 2001, saboda haka finafinan da suka riga ta fitowa an yi su ne a wani yanayi dabam da na yanzu, musamman ta fuskar rawa da waƙa.

Matsala ta uku ita ce ta kasuwa. Tun da satar fasaha da tura finafinai a waya suka karya kasuwar faifai, furodusa ya zama mai tsoron asara. Sunan da jama'a suka riga suka sani talla ce wadda ba a biya ba, don haka ya fi masa sauƙi ya ɗauko tsohon suna da ya sayi sabon labari. Wanda zai cutu a nan shi ne matashin marubuci. Yankin Falgore kaɗai yana cike da labaran da ba a taɓa ba: rayuwar masu haƙar kuza a Riruwai, da garuruwan da aka tayar lokacin gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, da zaman manoma da makiyaya a gefen daji. Karɓuwar da shirin Labarina na Aminu Saira ya samu daga shekarar 2020 ta nuna cewa masu kallo ba sa ƙin sabon labari idan an tsara shi da kyau.

Matsala ta huɗu, wadda ta fi sauran girma, ita ce ta adanawa. Zaren kaset ɗin bidiyo yana lalacewa da zafi da ƙura da laima, na'urorin kunna shi kuma an daina ƙera su. Abin da ya rage na finafinai da yawa shi ne kwafi marar kyau da wani ya ɗora a YouTube, wani lokaci ma babu farko ko ƙarshe. Idan aka sabunta fim alhali na asalin yana ruɓewa a cikin kwali, to nan da 'yan shekaru sabon ne kaɗai za a sani da wannan suna. Manazarcin da zai so ya ga irin Hausar da aka yi magana da ita, da suturar da aka sa, da yadda titunan Kano suke a shekarar 1999, zai nema ya rasa. Shaihu Umar ya tsira ne domin akwai hukumar da ta ajiye faya-fayansa, finafinan kaset kuwa yawancinsu suna hannun ɗaiɗaikun mutane ne.

Daga ƙarshe, akwai wani abu da masu kallo suke nema wanda ba ya cikin fim ɗin tun asali. Magidancin Tudun Wada da yake begen Wasila yana tuna daren da ya kalle shi ne, da abokan da suka zauna tare a kan benci, da ihun da aka yi sa'ad da janareta ya mutu ana tsakiyar waƙa. Wannan kuwa babu kyamarar da za ta dawo da shi.

4.5 Naɗewa

A wannan babi an bambance tsakanin gyara da sabuntawa da ci gaba, an kuma kawo misalai daga finafinan Hausa da wasannin kwamfuta. An nuna cewa buƙatar masu kallo tana da tushe a al'adar Bahaushe ta maimaita labari, amma tana tattare da matsalolin taurari da zamani da kasuwa da adanawa. Abin da sharhin ya tsaya a kai shi ne, gyara ya kamata ya riga sabuntawa. Ya dace hukumomin finafinai da sassan nazarin Hausa na jami'o'i su haɗa kai da masu haƙƙin mallaka a tattara tsofaffin kaset a mayar da su cikin kwamfuta tun ana iya kunna su. Wanda kuma zai sabunta fim, ya nemi izinin masu shi, ya ambaci sunayensu, ya kuma fitar da na asalin tare da sabon domin mai kallo ya gwada da kansa. Bahaushe dai ya ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Babi na gaba zai kawo taƙaitawa da kammalawar wannan nazari baki ɗaya.