Allon Fedar Jita a New Bell: Me Za a Ɗora, Me Za a Bari?

Duk wanda ya kwana a unguwar Hausawa ta New Bell a Duwala ya san cewa bayan sallar lisha wani sautin ne ke karɓar gari. Daga gidajen rawa na Duwala jita ke tashi, siririya, tas-tas, irin ta makosa. Kaɗan ne ke lura da abin da ke ƙarƙashin ƙafar makaɗin: ƙananan akwatunan ƙarfe da ake kira feda, jere a kan allo, kowane da aikinsa. Ɗaya ya daidaita ƙarfin sauti, ɗaya ya kaurara shi, wani ya maimaita shi.

Tsarin jeren sananne ne. Sauti ya fito daga jita, ya bi ta mai daidaitawa, sai mai kaurarawa, sai korus da ke sa waya ɗaya ta yi kamar biyu, mai maimaitawa a ƙarshe, sannan amfilifaya. Kamfanin Boss na Japan ya fito da ƙananan fedojinsa a 1977, suka bazu a duniya. Sai dai allon da aka tsara domin kiɗan rok na Ingila da Amurka, inda ake son jita ta yi gurnani, bai dace da makosa ba. Saurari Toto Guillaume a zamanin ƙungiyar Black Styl: yatsu ne ke aiki, kowace waya ana jin ta daban. Ka ɗora wa wannan salo mai kaurarawa, ka dama shi ke nan. A ganina feda uku sun ishi makaɗin makosa, saura ado ne.

Kamaru ma tana da nata tarihin sarrafa sautin jita, ba da lantarki ba. A Yawunde, Messi Martin na ƙungiyar Los Camaroes ya danne wayoyin jitarsa har ta yi amon balafon, kiɗan bikutsi na zamani ya samu murya. Zanzibar na Les Têtes Brûlées, wanda ya rasu a 1988, da soso ya yi nasa. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, don ya san ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake maƙala wa wuyan garaya domin ta riƙa zuza.

Inda gizo ke saƙar shi ne wuta da danshi. Ruwan saman Duwala ya haura milimita 3,500 a shekara, ga iskar teku, tsatsa ba ta jin kunyar bakin waya. Yawancin fedoji bolt 9 suke ci, wutar gari kuwa 220 ce, tana hawa tana sauka, wani daren janareta ne. Ka haɗa feda biyar a caja ɗaya mai araha, sai ka ji huuu a lasifika tun kafin a taɓa jita. Ka kuskure ka sa cajar da ta juya baki, sai ƙauri.

Shi ya sa na fi yarda da fedoji daban-daban a kan akwati ɗaya mai kwamfuta da ke yin komai. Akwatin ya fi sauƙin ɗauka a bayan babur ɗin haya, wato bensikin, wannan gaskiya ne. Amma ran da ya mutu, wasa ya tashi, kuma da wuya a samu kayan gyaransa. Feda guda in ta lalace, cire ta za a yi, a haɗa waya, kiɗa ya ci gaba. Gobe a kai wa mai gyaran rediyo a wajen Marché Central, ya kwance noti huɗu, ya ɗiga dalma, ya karɓi 'yan sefarsa.